Sabon jirgin ƙasa: mene ne rabon Magarya da Dungas?

Manoman Magarya da Dungas ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ya ratsa gonakinsu ba, amma sun daɗe suna cin moriyarsa. Tun da layin dogo ya iso Kano a shekara ta 1911, gyaɗar ƙasar Damagaram ta samu hanyar fita. Raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci, su ke kai ta Kano, jirgi ya ɗauke ta zuwa bakin teku a Ikko, tafiyar sama da kilomita 1000. Haka kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya riƙa fitar da gyaɗar gabashin ƙasarmu.

Wannan tsohon layi na Turawan Ingila siriri ne, faɗinsa milimita 1067. Da tafiya ta yi tafiya, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka rage kaya, taragai suka tsufa, gyara ya yi ƙaranci, fasinjoji suka koma mota. Saboda haka Najeriya ta shiga shimfiɗa sabon layi mai faɗin milimita 1435, da sababbin jirage masu sauri. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil. An tsara ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari. Layin bai shigo jihar Damagaram ba, amma Daura da Kazaure maƙwabtan Magarya ne. Waken da riɗin da muke nomawa, da dabbobin da mutanen Dungas ke kaiwa kasuwar Maigatari, duk suna bukatar sufuri mai rahusa. Sai dai manomi ba ya isa tasha in babu hanyar mota mai kyau daga ƙauyensa, musamman da damina. Kuma jirgi ba ya amfanar kowa in iyaka tana rufe, kamar yadda aka gani daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga 2019 zuwa 2020.

Akwai darasi a cikin gida ma. Layin Yamai zuwa Doso, da aka ƙaddamar a 2016, ba a haɗa shi da na Paraku mai zuwa Kwatano ba, shi ya sa bai ɗauki kaya ko fasinja yadda aka yi fata ba.

Don haka muna kira ga hukumomi, sarakuna da ƙungiyoyin manoma da su tashi tun yanzu: a gyara hanyoyin karkara, a gina rumbunan ajiya, a daidaita da maƙwabta kan sha'anin kwastan. Da ma Hausawa sun ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.