'Yan Fentikos: Reshe Ne, Ko Wani Itace Dabam?

Sau da yawa malamin makaranta ko akawu yakan tambayi mutum addininsa, ya amsa ya ce shi ɗan Fentikos ne, sai a tsaya ana shakka ko wani sabon addini ne. To, ba haka ba ne. Ɗarika ce cikin addinin Kirista, ga kuma yadda take.

Manyan rassan addinin Kirista uku ne, wato Katolika da Otodoks da Furotesta. Daga Furotesta 'yan Fentikos suka tsiro, ta wajen masu wa'azin tsarkake zuciya na ƙasar Amurka, waɗanda suka gaji koyarwar John Wesley. Kalmar Fentikos kuwa ta Girkanci ce, ma'anarta na hamsin. A sura ta 2 ta littafin Ayyukan Manzanni an ba da labari cewa ran kwana na hamsin bayan Ista Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Yesu, suka yi magana da harsunan da ba su koya ba.

Duk Kirista sun yarda da wannan labari. Inda aka rabu shi ne, malaman Furotesta da yawa sun ce baiwar harsuna da ta warkarwa sun ƙare tun zamanin manzanni, su kuwa 'yan Fentikos suka ce suna nan, kowane mai bi yana iya samu. Charles Parham ya koyar da haka a garin Topeka cikin 1901, amma abin bai bunƙasa ba sai 1906, sa'ad da William Seymour, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi, ya buɗe taro a titin Azusa na birnin Los Angeles.

Da fari sauran ɗariku sun guje su. Su ma a tsakaninsu an sami saɓani, gama cikin 1916 ikilisiyar Assemblies of God ta rabu da waɗanda suka ƙi aƙidar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna baftisma da sunan Yesu kaɗai. Amma sannu ba ta hana zuwa. Cikin 1960 wani limamin Angilika a Kalifoniya, Dennis Bennett, ya shaida wa jama'arsa ya yi magana da harsuna, cikin 1967 kuma abin ya shiga 'yan Katolika a Jami'ar Duquesne. Waɗannan ba su bar ɗarikunsu ba. Daga 1972 ma fadar Paparoma ta soma zaman tattaunawa da shugabannin Fentikos.

A nan Nijeriya wa'azin Joseph Ayo Babalola a Ilesha cikin 1930 ya share wa wannan tafarki hanya, yau kuwa 'yan Fentikos suna cikin rukunoni biyar na ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1976.

Saboda haka wanda ya rubuta ɗan Fentikos cikin Kirista bai yi kuskure ba. Sai dai malami ya tuna, gida ɗaya ne amma ɗakuna dabam dabam, kada ya ɗora wa wannan yaro al'adar wancan.