Kuskuren linka a shirye-shiryen soket

Kuskuren linka a shirye-shiryen soket matsala ce da ke tasowa a matakin ƙarshe na harhaɗa shirin sadarwa da aka rubuta da harshen C ko C++. Kamfaila takan karɓi rubutun ba ƙorafi, amma linka, wato manhajar da ke ɗinke guntayen shirin su zama fayil ɗaya mai aiki, sai ta nemi ayyuka irin su socket, bind da connect ta rasa. A GCC saƙon yakan zo da kalmomin "undefined reference to", a Visual Studio kuma da lambar LNK2019.

Dalili

Fayilolin sanarwa kamar sys/socket.h da winsock2.h suna bayar da sunan aiki ne da siffarsa kawai, tamkar jerin kalmomi da babu ma'anarsu. Ainihin aikin yana cikin laburare, kuma sai an faɗa wa linka wanne ne. Shi ya sa ƙara layin #include, wanda masu koyo suka fi garzayawa gare shi, ba ya magance komai.

Soket ya fito ne a tsarin 4.2BSD a shekarar 1983, sai dai kowane tsarin aiki da inda ya ajiye shi. A Linux yana cikin babban laburaren C, don haka ba a buƙatar ƙarin komai. Wannan ne ke sa shirin da ya haɗu lafiya a can ya ƙi haɗuwa a wani wurin.

Gyara

A tsofaffin nau'o'in Solaris ana ƙara -lsocket da -lnsl. A Windows laburaren shi ne ws2_32: mai amfani da MinGW zai rubuta -lws2_32, mai Visual Studio kuma ya saka Ws2_32.lib a saitin linka ko ta layin #pragma comment. GCC ba ta kula wannan layin ko kaɗan. Tsohon laburaren wsock32 ma ba ya wadatarwa, domin babu getaddrinfo a cikinsa.

Abin da ya fi wahalar ganewa shi ne jerin umarnin. Linka tana karantawa ne daga hagu zuwa dama, tana ɗaukar abin da aka riga aka nema kawai. Idan laburare ya riga fayil ɗin da ke buƙatarsa, sai ta wuce shi. Saboda haka gcc sabar.c -lws2_32 zai yi aiki, amma gcc -lws2_32 sabar.c zai dawo da kuskuren, ko da yake kalmomin duk ɗaya ne.