Inda Kuɗin Riɗin Suka Bi

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, yawancin manyan cinikayya a kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram da tiransifa ake kammala su. A loda buhuna, a tura lambar asusu, a jira alat. Wani dillalin riɗi mazaunin Birnin Kudu ya daɗe a kan wannan tsari lafiya lau, sai a wata kaka alat ya fara ƙin zuwa. Masu saye biyu suka rantse sun biya, kowanne da rasit a wayarsa, asusun dillali kuwa ko kwabo bai ƙaru ba.

Zargi ya fara faɗawa kan netwok, don shi aka saba ɗora wa laifi. Aka jira kwana uku, kuɗi ba su shigo ba, ba su kuma koma wa masu su ba. Sai aka ce rasit na bogi ne. Ɗaya daga cikin masu sayen ya ciro bayanin asusunsa daga banki: kuɗi sun fita da gaske. Daga nan ido ya koma kan yaron shagon dillalin, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin yaron marayan Allah ne, amanarsa ce kaɗai jarinsa.

Ɗan 'yar'uwar dillalin, mai gyaran waya, shi ya nemi a jera masa rasitan. Asusun banki a Nijeriya lambobi 10 gare shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Banki ɗaya, farkon lambobin ɗaya, ƙarshen ya saɓa.

"Kawu, wannan ba asusunka ba ne."

"To yaya suka ga sunana kafin su tura?"

Tambayar na kan hanya, tunda manhajar banki tana nuna sunan mai karɓa. Da aka duba da kyau, sunan mahaifi da na gida ne suka yi daidai, sunan farko daban. Mai saye yana tsakiyar hayaniyar 'yan dako, ya ga sunan gidan da ya sani, ya danna. Asusun na ƙanin dillali ne, wanda ke zaune a Dutse, tsohon asusu da layin alat ɗinsa ya daɗe da mutuwa.

Saura tambaya guda: wa ya ba su lambar? A nan mai gyara ya lura da wani abu. Duk wanda Kawu ya karanta wa lamba da baki a saƙon murya, kuɗinsa sun iso. Na waɗanda yaro ya rubuta wa a WhatsApp ne suka ɓace. Ya miƙa wa yaron wayar, ya ce ya yi yadda ya saba. Yaron ya buga "acc", nan take lambobi 10 suka bayyana a saman allon rubutu, ya taɓa su.

"Ai wayar ce ta haddace lambar Alhaji," in ji shi.

Wayar kyauta ce daga ƙanin, kuma ba a wanke ta ba kafin a bayar. Allon rubutu na Gboard yana da ƙamus na mai waya, inda mutum zai ajiye doguwar magana ya ɗaura mata gajeriyar alama, da ya buga alamar sai maganar ta fito. Samsung da iPhone ma suna da irinsa, na iPhone har bin mutum yake zuwa sabuwar waya ta iCloud. Goge hotuna da cire layi ba ya taɓa wannan ƙamus. Suka buɗe shi, ga "acc" da lambar ƙani, ga wata alama mai ɗauke da adireshinsa na Dutse.

Ƙanin ya je banki ya tarar da kuɗin cif, ya mayar. Mai gyara ya share tsofaffin alamun, ya saka sababbi: ɗaya ta fito da lambar Kawu haɗe da cikakken sunansa da bankinsa, ɗaya kuma ta rubuta "ka tabbatar da suna kafin ka tura". Kawu ya kira yaron gaban 'yan rumfa ya nemi afuwarsa, sannan ya sa shi ya gwada tura naira 100 ta sabuwar alamar. Alat ya shigo.