Kacici-Kacicin Zamani A Kasuwar Kwastam: An San Mona Lisa, Ina Kwalekwalen Dufuna?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kwastam ta birnin Maiduguri da la'asar sakaliya, lokacin da ciniki ya fara lafawa, da wuya ya rasa ganin samari sun taru a bakin wata rumfa sun duƙufa a kan wayar hannu guda. Baƙo zai zaci ƙwallon Turai su ke kallo. Sau da yawa haka ɗin ne, amma wani sa'in gasar kacici-kacici ce ta intanet ta haɗa su.

Yadda a ke wasan ba shi da wuya. Mai waya ya kan buɗe shafin tambayoyi, hoto ya fito tare da amsoshi uku ko huɗu, sa'an nan kowa ya faɗi tasa kafin lokaci ya cika. Tambayoyin sun haɗa da tutocin ƙasashe da manyan birane da kuma ayyukan fasaha, watau zane da sassaƙa da ginin tukwane. A da, yaron da ya kasa amsa "ƙulun ƙulufit" gari ya kan bayar. Yanzu kuwa wanda ya zo na ƙarshe shi ke sayen shayi.

Babu shakka wasan yana da amfani. Yaron shago da bai wuce firamare ba ya kan gane hoton Mona Lisa, har ya faɗi cewa Leonardo da Vinci ne ya zana shi, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Louvre a Faransa. Sai dai galibin shafukan a ƙasashen waje a ka tsara su, saboda haka kayan Turai ne su ka cika su. In an ga Nijeriya, bai wuce tagullar Benin ba, wadda sojojin Ingila su ka kwashe a 1897, ko gumakan yumɓu na Nok. Na ƙasar Borno kuwa sai a daɗe ba a ci karo da su ba.

Alhali kuwa ƙasar nan ba ta rasa abin nunawa ba. A 1987 wani makiyayi Bafilatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, wanda a lokacin ya ke cikin tsohuwar Jihar Borno, yanzu kuma Jihar Yobe, ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus su ka tono shi. Kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma shi ne mafi tsufa da a ka taɓa samu a Afirka. An kai shi Damaturu domin adanawa.

Har ila yau, a tudun Daima da ke wajen Ngala, wani masani mai suna Graham Connah ya yi tono a 1965 da 1966, ya samo ƙananan siffofin shanu da sauran dabbobi na yumɓu, da kayan ado na tagulla. Ga kuma rubutun Alƙur'ani irin na Barno, wanda ya yi suna a ƙasar Hausa da wajenta saboda kaurin harafinsa da zayyanarsa. Kai, ko a aljihun ɗan kasuwa akwai darasi, domin matar da ke bayan takardar Naira 20 Ladi Kwali ce, shahararriyar maginiyar tukwane da ta rasu a 1984. Takardar ta kan ratsa hannunsa ba adadi a yini, ba tare da ya tambayi ko wace ce ba.

Kada a ɗauka cewa samarin ba su da idon gane aiki. A miƙa wa ɗayansu hula, nan take zai ce wannan Zanna Bukar ce, waccan aikin Bama ce, ya bambanta ɗinkin hannu da na inji, har ya yanka kuɗinta. Wannan shi ne ainihin ilmin da masana fasaha ke taƙama da shi, watau duban zare da launi da tsarin aiki. Abin da ya rage shi ne a sa kayan tarihin gida a gaban wannan ido.

Maganar ta wuce wasa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wanda bai san darajar abin da ya tsinta a gona ba zai fasa shi, ko ya sayar wa dillali a kan kuɗin goro. Haka a ka yi ta wawashe gumakan Nok a shekarun 1990, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, tare da na Sao na yankin Tafkin Chadi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fita da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba, amma doka ba ta tsare abin da mai shi bai san yana da shi ba. Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, wadda ta biyo bayan fashewar madatsar Alau ta kuma shafi unguwar Kwastam da Gamboru, ta daɗa nuna yadda dukiya ke salwanta cikin dare ɗaya.

Abin mamaki, gidan tarihi na ƙasa da ke Maiduguri a unguwar Kwastam ɗin ya ke. Da ma'aikatansa da malaman jami'a za su haɗa kai su ɗauki hotunan kayan Borno, su shirya tambayoyi cikin Hausa da Barbarci, su watsa ta Facebook da WhatsApp, to 'yan gasa suna nan a shirye a bakin rumfa. Waya tana hannu, ido a buɗe ya ke, shayi kuma akwai mai saya.