Ƙaramin Miki A Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Duk wanda ya bi hanyar Akwanga daga Lafiya da sassafe, in ya iso Shabu zai ga manoma suna ta wucewa gonakin doya da rogo, wasu da silifa, wasu ma ƙafa a ƙasa. Ga mai lafiya taka ƙaya ba wani abu ba ne, a cire a wuce. Amma ga wanda ya daɗe da ciwon sukari, ƙayar nan na iya zama sanadin rasa ƙafa.

Dalili kuwa shi ne, sukari in ya yi yawa a jini shekara da shekaru yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, ya kuma rage gudun jini zuwa ƙafa. Sai mutum ya taka ƙusa, ko takalmi ya ci shi, ko garwashin jin ɗumi ya ƙona shi da hunturu, ya kwana uku bai sani ba. Kafin a farga miki ya zama gyambo.

Ƙididdiga ce ta nuna girman abin. A 2016 zuwa 2017 an bi sawun marasa lafiya 336 masu gyambon sukari a manyan asibitoci shida na ƙasar nan, ciki har da na Kano da Zariya da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Kimanin kashi 35 cikin ɗari sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa, ɗaya cikin biyar kuwa ya rasu.

To, yaya likita ke gane cuta ta shiga miki? Yakan duba alamu biyar, wato ja, da ɗumi, da kumburi, da zafi, da mugunya. Biyu daga ciki sun isa. In jan bai wuce santimita 2 daga bakin mikin ba, abin da sauƙi, a kan ba da magani na sati ɗaya ko biyu a gida. In ya zarce haka, ko ya yi zurfi, magana ta canja. In kuwa da zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, sai kwanciya a asibiti a ranar. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe marar kaifi da yakan zura a mikin. In ya ji ya taɓa ƙashi, sai a ɗauki hoto, domin cutar ƙashi kan ci kamar sati shida ana magani. Yakan lalubi bugun jini a ƙafar, ya kuma gwada tafin da wani siririn zare na roba don ya ji ko jijiya na da rai.

Magani ba ƙwaya kaɗai ba ne. Dole a kankare mataccen nama, a aika da ɗan yanki ɗakin gwaji don a san irin ƙwayar cutar, a saukar da sukari, sa'an nan a hana taka wurin. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya ga manomi a tsakiyar damina, amma miki ba ya warkewa ana tafiya a kansa. Mikin da cuta ba ta shiga ba kuwa ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko kaɗan, saboda haka zuwa kemis a sayi kafso a barbaɗa ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci.

A ganinmu abin da ya fi cin mutanenmu shi ne jinkiri, da tsoron nan na cewa asibiti yanka kawai suka sani. Alhali kuwa daga Shabu zuwa asibitin da aka sani da sunan Dalhatu Araf a Lafiya tafiyar 'yan mintoci ce. Mai ciwon sukari ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya zazzage takalmi kafin ya sa. In idonsa ya yi rauni, ya sa ɗansa ko maiɗakinsa su duba masa tafin.