Bizar Kariya a Ostareliya: Me Ya Sa Ƙararraki Ke Taruwa a Gaban Alƙalai?

Wanda ya leƙa jerin shari'un kotunan tarayya a Ostareliya zai ci karo da sunaye irin su SZMDS, haruffa zalla. Sashe na 91X na Dokar Shige da Fice ta 1958 ne ya hana kotu bayyana sunan mai neman bizar kariya, don kada labarinsa ya koma ƙasar da ya gudo. Irin waɗannan ƙararraki sun daɗe suna cinye lokacin alƙalai, kuma da dalili.

Dalili na farko yana cikin hanyar kanta. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke fara sauraron mai neman mafaka. Idan ta ƙi shi, sai ya je hukumar sake duba hukunci, wadda aka yi wa sabon tsari a watan Oktoba 2024. Idan nan ma bai dace ba, yana da kwana 35 ya shigar da ƙara kotu. Sai dai alƙali ba ya tambayar ko mutumin ɗan gudun hijira ne na gaskiya. Abin da yake dubawa shi ne ko hukumar ta wuce hurumin da doka ta ba ta: ta hana mutum damar kare kansa, ko ta tsallake wata hujja mai nauyi, ko ta yanke hukuncin da hankali ba zai ɗauka ba. Masu ƙara da yawa ba su da lauya, suna zuwa ne da zaton za a sake jin labarinsu daga farko.

Na biyu shi ne ja-in-ja tsakanin majalisa da kotu. A 2001 majalisa ta saka sashe na 474 a Dokar Shige da Fice domin toshe ƙofar kotu. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plaintiff S157, ta ce sashe na 75 na tsarin mulki ya ba ta ikon duba aikin jami'an gwamnati, kuma doka ba ta isa ta ƙwace shi ba. Tun daga nan kowace ƙara ta koma farautar kuskuren hurumi.

Na uku, gaggawa. A 2014 aka ƙirƙiro hanya ta musamman ga kimanin mutum 30,000 da suka iso ta ruwa, inda a matakin sake duba hukunci galibi takardu kawai ake dubawa, ba a ganawa da mutum. Wanda ba a ji ta bakinsa ba, ina zai nufa in ban da kotu? Garin gyaran gira aka rasa ido, har aka rushe tsarin a 2024.

Amfanin sa idon kotu ba ɓoyayye ba ne. Jami'in da ya san alƙali na iya karanta hukuncinsa yakan rubuta shi da natsuwa, kuma a nan kuskure ɗaya na iya mayar da mutum hannun masu neman ransa. Amma nasarar ma ba biza ba ce: mayar da maganar hukumar ake yi, a sake lale. Wanda ya faɗi kuwa ana ɗora masa kuɗin shari'a.

Jinkirin na da fuska biyu. Mai gaskiya yana shekaru kan bizar wucin gadi, iyalinsa na nesa. Mai da'awar ƙarya kuwa jiran ne ribarsa. Wannan ya sa a Oktoba 2023 gwamnati ta ware dalar Ostareliya miliyan 160 don ƙarin alƙalai da jami'ai da tallafin lauyoyi.

Tarihin ya nuna cewa matse ƙofar kotu bai rage cunkoso ba. Ƙarar da ake ji da kyau tun a zaman farko, da tafinta nagari da lauya a gefe, ita ce ba ta cika komowa gaban alƙali ba.