Kobal-60 da Gwajin da Ya Raba Dama da Hagu

Kobal-60 nau'in ƙarfen kobal ne wanda cibiyar ƙwayar zarrarsa ba ta da natsuwa. Cikin shekara 5 da 'yan watanni rabinsa yake rikiɗewa ya koma nikel-60, kuma rikiɗar hawa biyu ce. Da farko cibiyar tana tofar da ilektaron. Wannan aikin rarraunan ƙarfi ne, ɗaya daga cikin ƙarfafa huɗu da ke tafiyar da halitta. Nan take sai sabon nikel ɗin ya saki hasken gama kashi biyu. Shi ne hasken da asibitoci suka daɗe suna ƙona ciwon daji da shi.

Har zuwa 1956 masana sun ɗauka cewa halitta ba ta fifita dama a kan hagu: duk abin da ya faru, kamanninsa na cikin madubi ma zai iya faruwa. A shekarar ce Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka lura ba wanda ya taɓa gwada wannan a kan rarraunan ƙarfi. Chien-Shiung Wu, malama a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, ta ɗauki nauyin gwajin tare da su Ernest Ambler na hukumar awo ta ƙasa a Washinton.

Kowace cibiya tana juyi kamar mazari, amma a zafin ɗaki kowacce da inda ta sa gaba. Sai aka shimfiɗa kobal ɗin a kan wata ƙanƙarar gishiri, aka sanyaya shi har dab da matuƙar sanyi, aka sa maganaɗisu ya jera cibiyoyin sahu ɗaya. To, yaya za a san sun jeru? Nan hasken gama ya yi rana. Ƙarfin lantarki da maganaɗisu ne ke fitar da shi, wanda ba ruwansa da dama ko hagu, amma idan cibiyoyi sun jeru yakan fi fita ta gefe a kan ta sama. Aka dasa na'urorin ƙidaya biyu, ɗaya a gefe ɗaya a sama, bambancin lissafinsu ya zama ma'aunin jeruwar. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan gwajin.

Sakamakon bai bar shakka ba. Ilektaron sun fi fita ta ɓangaren da ya saɓa wa alƙiblar juyin, wato rarraunan ƙarfi yana bambanta dama da hagu. Cikin kamar minti 6 da kobal ya ɗumama, bambancin gama da na ilektaron suka ɓace tare, shaidar cewa ba kuskuren na'ura ba ne.

An sanar da sakamakon a Janairun 1957. A shekarar Lee da Yang suka karɓi kyautar Nobel, aka tsallake Wu, abin da masana da yawa ke ganin rashin adalci ne. Sai a 1978 aka ba ta kyautar Wolf ta farko a fannin fiziks.